Amsoshin Tambayoyinku: Yawon Mashayun Tsakiyar Birni a Ingila da Giyar Ganga

A makonnin nan wasiƙu da dama sun iso daga masu karatunmu mazauna Birtaniya, kuma duk sun taru a kan abu guda, wato al'adar Ingilishi ta takawa a ƙafa daga wannan mashaya zuwa waccan a tsakiyar birni domin ɗanɗana giya iri-iri. Wannan fili ba ya kiran kowa zuwa ga shan giya, kuma hukuncinta a wajen Musulmi sananne ne. Sai dai wanda yake karatu ko aiki a cikin mutane yana da haƙƙin ya fahimci abin da suke yi, domin ya san abin da zai amsa idan an gayyace shi.

Malam, ni ɗalibi ne a Sheffield. Abokan karatuna 'yan ƙasar da wani dattijon malaminmu sukan fita ranar Asabar su yi ta zagaya mashayu da wani littafi a hannu. Sun ce ba buguwa suke nema ba, giyar ganga suke bi. Na ga suna ɗaga kofi a haske suna dubawa, suna shinshinawa, wani ma har yana rubutu. Da gaske akwai wani abu a ciki, ko kuwa suna ne kawai aka sa wa shaye-shaye?

Ɗan'uwa, yawon mashayu iri biyu ne a ƙasar da kake zaune, kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai na samari masu fita daren Juma'a da niyyar su bugu, wanda ƙarshensa amai ne a bakin titi da motar 'yan sanda. Akwai kuma wanda ka kwatanta, na masu fita da rana tsaka, su sha rabin kofi a nan, su taka minti goma su sha rabin kofi a can, su koma gida kafin dare ya yi nisa. Na biyun ma giya ce, kuma tana bugarwa idan an wuce gona da iri, amma abin da ya fitar da su daga gida yana da tarihi.

A shekarun 1960 manyan kamfanoni shida suka haɗiye yawancin ƙananan masana'antun giya na Birtaniya tare da mashayunsu: Bass Charrington, Allied, Courage, Whitbread, Watney Mann da Scottish & Newcastle. Waɗannan kamfanoni sun ga cewa giyar gargajiya tana da wahalar kulawa kuma tana saurin lalacewa, sai suka koma tace giyar, su ɗumama ta don kashe duk wani abu mai rai a cikinta, su rufe ta cikin tankin ƙarfe, sannan a tura ta zuwa kofi da ƙarfin iskar gas. Irin wannan giya takan yi makonni ba ta canza ba, kuma duk inda ka sha ta ɗanɗanonta ɗaya ne. A 1971 wasu samari huɗu daga arewa maso yammacin Ingila, suna hutu a ƙasar Ayaland, suka yanke shawarar kafa ƙungiyar da za ta yaƙi wannan sauyi. Ita ce CAMRA, kuma littafin da ka gani a hannun abokanka mai yiwuwa jagoran mashayu ne da ƙungiyar take fitarwa duk shekara tun 1974. Mambobinta na kowane yanki ne suke zagayawa suna ba mashayu maki bisa ingancin giyarsu, kuma mai mashaya ba ya biyan kuɗi a sa shi a ciki.

Abin da suka tsaya a kai shi ne giyar da take barin masana'anta ba a gama da ita ba. Ana zuba ta cikin ganga da yis ɗinta yana raye, ba a tace ba, ba a ɗumama ba, ta ci gaba da tsimuwa a ciki. Idan motar kamfani ta iso, sai a buɗe wata ƙofa da ke shimfiɗe a gefen titi a gangara da gangar zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ake riƙe sanyi tsakanin digiri 11 zuwa 13 a ma'aunin Selshiyos. Mai kula da ɗakin zai kwantar da ita a kan wani mazauni, ya bar ta kwana ɗaya ko fiye domin guggubin ya kwanta. Zai soka wani ɗan tsinken itace mai laushi a toshiyar da ke samanta don iskar da ta yi yawa ta fita a hankali, sannan ya ɗauki guduma ya buga famfo a gabanta. Kafin ya haɗa ta da bututun da ya hau zuwa kantar mashaya, sai ya tsiyayi kaɗan a kofi ya duba haskenta, ya ɗanɗana. Idan ba ta yi ba, ya ƙara mata kwana. A sama kuwa, dogon hannun nan da ka ga mai sayarwa yana janyowa famfon hannu ne na gaske, ƙarfin damtsensa ne yake tsotso giyar daga ƙasa, kuma asalin na'urar yana komawa ga wani injiniya mai suna Joseph Bramah da ya yi mata rajista a 1797.

Daga lokacin da aka fara ɗiba iska tana shiga gangar, kuma masana harkar sun ce kwana uku ne mafi kyawun wa'adinta. Gangar da aka fi amfani da ita tana ɗaukar galan 9, wato kofi 72 na fayint, kowane fayint kuwa mililita 568 ne. Ke nan kowane famfo yana bukatar a sayar da kofi 24 a rana kafin a ce giyar ba ta kwana ta yi tsami ba. Wannan lissafi ne ya sa nake ganin mashayar da ke da famfo uku da jama'a cike ta fi wadda ta jera goma sha biyu alhali kujerunta fayau, ko da yake ta biyun ta fi ɗaukar ido. Shi ne kuma dalilin ɗaga kofi a haske da shinshinawa: suna neman warin tsami, ko ɗanɗano irin na jiƙaƙƙen kwali, ko ɗumin da ya wuce kima, kuma al'ada ta yarda mutum ya mayar da kofin cikin ladabi a canza masa.

Daga nan za ka gane dalilin tafiya a ƙafa. Giyar ganga ba ta zuwa gida a kwalba yadda take a kantar mashaya, kuma giya ɗaya daga masana'anta ɗaya takan bambanta tsakanin mashayu biyu da ke layi guda, domin hannun mai kula da ɗakin ƙasa ne yake ƙarasa ta. Dole mai nemanta ya je inda take, kuma ba zai je da mota ba. Garinku na cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni. Da yawa sukan fara daga Sheffield Tap, wadda aka buɗe a 2009 a tsohon ɗakin cin abincin fasinjoji na tashar jirgin ƙasa, su ratsa tsakiyar gari zuwa unguwar Kelham Island, inda a da masana'antun ƙarfe suke. A can Fat Cat take, wadda tun 1981 ta fara sayar da giyar ƙananan masana'antu a lokacin da hakan baƙon abu ne a birnin, ga kuma Kelham Island Tavern taku kaɗan daga gare ta, wadda CAMRA ta zaɓa gwarzuwar mashayar ƙasa baki ɗaya a 2008 da 2009 a jere.

Ina aiki a wani ofis a Manchester. Abokan aikina matasa ba sa zuwa tsofaffin mashayu, sai wasu rumbuna da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, inda suke zama a kan benci kusa da manyan tankuna. Na lura ƙaramin kofinsu ya fi babban kofin dattawa tsada. Mene ne bambancin?

Malama, abin da kika gani rassa biyu ne na tawaye ɗaya, kowanne da zamaninsa. Na matasan daga Amurka ya faro. A can ma manyan kamfanoni sun mayar da giya iri ɗaya maras ɗanɗano, har Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978, kuma daga cikin masu dafawa a gida aka sami waɗanda suka buɗe ƙananan masana'antu, irin su Sierra Nevada ta Kalifoniya a 1980. Abin da ya bambanta su shi ne yawan furen hof da suke zubawa, wato furen wani tsiro mai yaɗo da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, kuma irin na Amurka yana da ƙamshin lemo da na 'ya'yan itatuwa, saɓanin na Ingila mai ƙamshin ciyawa da ƙasa.

Salon ya dawo Birtaniya ne bayan da gwamnati ta share masa hanya. A 2002, lokacin Gordon Brown yana ministan kuɗi, aka rage rabin harajin giya ga masana'antar da ba ta wuce hektolita 5,000, wato lita 500,000, a shekara ba. Cikin shekaru kimanin goma sha biyar yawan masana'antu ya tashi daga 'yan ɗaruruwa zuwa kusan 2,000. Thornbridge ta fara a 2005, BrewDog a Sikotlan a 2007, Kernel a Landan a 2009, Cloudwater ta garinku kuwa ta fara dafawa a 2015 kusa da tashar Piccadilly. Da yawa daga cikin ƙananan masana'antun sun zaɓi rumbunan ƙarƙashin gada saboda arhar haya da sanyi da tsayin rufi, kuma a unguwar Bermondsey ta Landan irin waɗannan rumbuna sun jeru har suka zama hanyar yawo ta ranar Asabar mai tsawon fiye da mil guda.

Yawancin giyarsu a tankin matsi take zuwa, da sanyi da kumfa, wato irin tankin da CAMRA ta yi shekaru tana yaƙa, shi ya sa aka daɗe ana zaman doya da manja tsakanin ɓangarorin biyu. Amma matasan sun nuna cewa ana iya zuba giya mai inganci, wadda ba a tace ba, a cikin tankin, kuma a 2018 mambobin CAMRA sun kaɗa ƙuri'a suka faɗaɗa manufofinsu, ko da yake sun bar giyar ganga a matsayin ginshiƙi. A yau masana'antu da yawa suna yin duka biyun. Marble Arch da ke titin Rochdale a garinku, mai daɓen da ya karkata da bangon tayil, misali ce mai kyau, domin tsohuwar mashaya ce ta zamanin Sarauniya Victoria wadda aka buɗe ƙaramar masana'anta a bayanta a 1997.

Tsadar kuwa tana da dalilai bayyanannu. Furen hof na waje yana da tsada kuma da yawa ake zubawa, dafawar kaɗan-kaɗan ce, sannan giyar takan kai kashi 6 ko 7 cikin 100 na barasa ko fiye, alhali ta ganga yawanci tana wajen kashi 4, kuma harajin Birtaniya yana hawa ne da ƙarfin barasar. Ƙaramin kofin da kika gani sulusin fayint ne ko sulusi biyu, kuma na sulusi biyun doka ta amince da shi ne tun 2011. Abu guda da ya kamata abokan aikinki su sani shi ne, babu dokar da ta fayyace wace giya ce ta ƙaramar masana'anta mai zaman kanta. Manyan kamfanoni sun sayi wasu daga cikinsu: AB InBev ta sayi masana'antar Camden Town a 2015, Heineken ta kammala mallakar Beavertown a 2022, Asahi ta Japan ta sayi sashen dafa giya na Fuller's a 2019 a kan fam miliyan 250, amma tambarinsu a kan kanta yana nan kamar na 'yan ƙanana.

Ni mai zanen gine-gine ne, zan yi mako biyu a Landan, kuma ba na shan giya. An ce wasu daga cikin mafi kyawun adon ciki na ƙarni na 19 a mashayu suke. Ina zan bi, kuma za a bar ni in shiga ba tare da na sayi giya ba?

Malam, an gaya maka gaskiya, kuma dalilin shi ne a ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin giya sun yi gasar sayen mashayu da ƙawata su da madubai da katako da tayil domin su janyo talakan da gidansa duhu ne da sanyi. Ga hanyar da za ka iya takawa cikin kimanin awa guda idan ba a lissafa tsayawa ba. Ka fara daga George Inn da ke Borough High Street a kudancin kogin Thames. An sake gina ta a 1677 bayan gobarar Southwark, kuma ita kaɗai ta rage a Landan cikin masaukan keken doki masu barandar katako hawa-hawa da ke kallon tsakar gida. Hukumar National Trust, mai kula da gine-ginen tarihi, ce take riƙe da ita. Ka haye kogin zuwa Blackfriar, siririn gini mai kama da yankan tsinin gatari kusa da tashar da ke da wannan suna. An gina shi wajen 1875, aka sake masa ado wajen 1905 da marmara da zanen tagulla na 'yan zuhudu, domin a da gidan ibadarsu ne a wurin, kuma a shekarun 1960 saura ƙiris a rushe shi, sai da aka yi gangami wanda marubuci John Betjeman yake ciki.

Daga nan ka hau zuwa Fleet Street, ka nemi wani matsattsen lungu da ake kira Wine Office Court, inda Ye Olde Cheshire Cheese take. An sake gina ta a 1667, shekara guda bayan babbar gobarar Landan, kuma ɗakunanta ƙanana ne masu duhu, da matakala mai gangarawa zuwa rumbunan ƙasa inda dogon mutum sai ya sunkuya. Ka ƙare a Princess Louise da ke High Holborn, ginin 1872 da adon ciki na 1891. A nan ka tsaya ka duba shingayen katako da gilashi mai zane da suka rarraba kantar zuwa ƙananan ɗakuna, domin suna nuna yadda a da ake raba mutane bisa matsayi: lebura da ƙofarsa, ɗan kasuwa da tasa, kowa yana sha daga kanta ɗaya ba tare da ya ga ɗan'uwansa ba. Idan ka sami damar zuwa Liverpool, Philharmonic Dining Rooms, wadda aka gina tsakanin 1898 da 1900, tana cikin gine-ginen da aka ba kariyar mataki na ɗaya a 2020, kuma har bayan gidanta na maza da marmara aka yi shi.

Ka je da wuri-wuri, domin mashayu suna raguwa. A shekarar 2000 sun haura 60,000 a Birtaniya, kafin 2020 sun sauko ƙasa da 50,000, da yawa an mayar da su gidajen haya ko kantuna. Wani lokaci jama'a sukan yi nasara. A 2015 wani kamfani ya rushe Carlton Tavern a Landan ba da izini ba, hukumar Westminster ta tilasta a sake gina ta daidai yadda take, aka buɗe ta a 2021. Wannan hukunci ya burge ni ƙwarai, domin ya nuna wa masu rushe-rushe cewa biyan tara kaɗai ba zai fisshe su ba.

Babu wanda zai tilasta maka sayen giya. Ladabi dai shi ne ka sayi wani abu idan za ka zauna, kuma akwai lemo da ruwan soda da ruwan 'ya'yan itace, a wurare da yawa har da shayi da kofi, sannan doka ta wajabta wa duk mai lasisin sayar da giya ya ba da ruwan famfo kyauta ga abokin ciniki da ya nema. Ka kiyaye da abubuwa kaɗan. Abin da suke kira shandi rabinsa giya ne, ruwan tuffa da ake kira saida a Birtaniya mai bugarwa ne, kuma lemon citta yana da iri mai barasa. A ƙa'idar Ingila abin da bai wuce kashi 0.05 cikin 100 ba shi ake kira maras barasa, amma akwai kwalabe masu kashi 0.5 da ke ɗauke da irin wannan rubutu, saboda haka ka karanta lambar da kanka. A abinci ma akan kwaɓa garin suyar kifi da giya, akan dafa naman sa da ita, kuma soyayyar fatar alade na cikin abin taɓawa da ake ratayewa a bayan kanta. Batun halaccin zama a inda ake shan giya kuwa na malamanka ne, su za ka tambaya kafin ka tashi. Ka tafi tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na ranar aiki, lokacin da babu cunkoso, ka nemi izini kafin ɗaukar hoto, ka kuma duba ranakun buɗewa, domin wasu mashayun unguwar ofisoshi suna rufe a ƙarshen mako.

Na bi abokan aiki mashaya, na zauna kusan rabin awa ba wanda ya zo ya tambaye ni abin da nake so. Raini ne?

Ba raini ba ne, Malam. A mashayar Ingila ba a zuwa tebur. Kai ne za ka je kanta ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take, ka ɗauko da kanka. Ba a yin layi a fili, amma mai sayarwa yana lura da wanda ya riga wani, kuma ɗaga kuɗi ko ƙwala kira abin kunya ne. Idan kuna tare, mutum ɗaya yakan saya wa kowa, sannan na gaba ya karɓa, kuma wanda ya sha na kowa ya sulale kafin nasa zagayen ba a mantawa da shi. Idan ba ka son kuɗinka su sayi giya, ka faɗa tun farko cewa za ka sayi naka da kanka, ba wanda zai ji haushi. Ƙararrawar da ake kaɗawa da dare kuwa sanarwa ce cewa sayarwa ta kusa ƙarewa.

Ɗana yana da shekara 17, yana karatu a Nottingham, ya ce abokansa suna shirin irin wannan zagaye. Hankalina bai kwanta ba. Me doka ta ce, kuma mene ne haɗarin?

Baba, damuwarka tana kan hanya. Doka ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba giya, ta hana shi saye, ta kuma hana wani ya saya masa. Sassauci ɗaya ne a Ingila: mai shekara 16 ko 17 zai iya shan giya ko giyar inabi ko saida idan yana cin abinci a tebur tare da babba, kuma babban ne ya saya. Wannan bai shafi zagayen mashayu ba ko kaɗan. Yawancin wurare suna neman katin shaida daga duk wanda bai yi kama da mai shekara 25 ba, kuma amfani da katin wani laifi ne da zai iya taɓa takardun zamansa.

A ɓangaren lafiya, Birtaniya tana auna barasa da ma'aunin da kowane ɗaya yake daidai da mililita 10 na zallarta, kuma tun 2016 manyan likitocin gwamnati suka ce kada babba, namiji ko mace, ya wuce ma'auni 14 a mako. Fayint ɗaya mai kashi 4 yana ɗauke da kusan 2.3. Ke nan ko mai natsuwar da ya shiga mashayu shida ya sha rabin kofi a kowacce ya kusa 7, wato rabin na mako a yini ɗaya, kuma jiki yana fitar da kusan ma'auni ɗaya ne kacal a awa. Samari kuwa ba rabin kofi suke sha ba, kuma sayen zagaye yana sa kowa ya bi saurin wanda ya fi kowa sauri. Tafiyar ƙafa da iskar waje suna sa mutum ya ji kamar ya wartsake alhali barasar tana nan a jininsa. A biranen da ke da koguna da magudanan jirgin ruwa a tsakiyarsu, irin su York da Manchester, an sha rasa matasa da suka faɗa ruwa da dare a hanyar komawa gida. Iyakar tuƙi a Ingila miligiram 80 ce a cikin mililita 100 na jini, a Sikotlan 50 tun Disambar 2014, kuma mutum zai iya wayewar gari yana sama da iyakar.

Shawarata ita ce ka yi magana da shi kai tsaye ba da faɗa ba, ka tambaye shi su wane ne abokan, ka kuma ba shi kalmomin da zai ƙi da su ba tare da ya ji ya muzanta ba. Matasan Birtaniya da ba sa sha sam sun ƙaru a 'yan shekarun nan, kuma ba zai zama shi kaɗai ba.

Ni baƙar fata ce, kuma nakan ji tsoron tura ƙofar waɗannan tsofaffin wurare ko don in sadu da abokan aiki. Ana maraba da irinmu?

'Yar'uwa, tsoron naki yana da tushe a tarihi. Har tsakiyar shekarun 1960 akwai mashayun da ke ƙin sayar wa baƙaƙe da 'yan Asiya, ko su keɓe su a ɗaki guda. A watan Fabrairun 1965 Malcolm X ya ziyarci Smethwick kusa da Birmingham bisa gayyatar ƙungiyar ma'aikata 'yan Indiya, aka kai shi wata mashaya ya ga wariyar da idonsa, kwana tara kafin a kashe shi a New York. A wannan shekarar majalisa ta yi dokar farko da ta haramta wariyar launin fata a wuraren taruwar jama'a, har da mashayu, kuma a yau dokar daidaito ta 2010 ce take kare ki. Mata ma sai da suka je kotu: a 1982 kotun ɗaukaka ƙara ta soke ƙa'idar wata mashayar Fleet Street da ta hana mata tsayawa a kanta. A yankin Smethwick ɗin nan, yau mashayu da yawa mallakar 'ya'yan waɗancan ma'aikata 'yan Punjab ne.

A tsakiyar manyan birane, da rana ko da yamma, abin da za ki tarar galibi shi ne tsofaffi masu karanta jarida, 'yan yawon buɗe ido da ma'aikatan ofis, kuma ba wanda zai ɗaga kai. Ba zan ce miki ba a taɓa samun kallon banza ko baƙar magana ba, musamman a ƙananan mashayun unguwa inda kowa ya san kowa. Lokutan da na fi so ki kauce musu su ne bayan ƙarfe tara na daren Juma'a da Asabar, da ranakun wasan ƙwallo a kusa da filin wasa ko tashar jirgi. Kada ki bar kofinki a tebur ki fita, ko da lemo ne. Idan wani ya matsa miki, ki je kanta ki ce kina neman Angela; wannan tsari ne da aka faro a Lincolnshire a 2016, kuma a wuraren da suka horar da ma'aikatansu a kai, za su gane kina neman taimako, su raka ki ta wata ƙofa ko su kira miki tasi. Ba kowace mashaya ce take cikin tsarin ba, saboda haka ki duba ko an manna sanarwarsa a bayan gida na mata, kuma idan babu, ki gaya wa manaja ko mai gadin ƙofa abin da ke faruwa ƙarara.